Ka Nemi Mawaƙa Kafin Ka Nemi Katifa

Gombe, ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga ɗana Iliya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da kawunka da mutanen gidansa can unguwar Malam Inna. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Allah da ya buɗe maka ƙofar aikin nan na Fatakwal ya tsare fitarka da shigarka, ya sa jirgin ƙasan da zai ɗauke ka ranar Asabar ya sauke ka lafiya.

Na san za ka yi mamaki. Gari ɗaya muke, tafiyar ƙafa ce tsakaninmu, me ya kawo takarda? To, kai ka jawo. Duk ranar da na buɗe baki zan yi maka maganar nan, sai ka tuna da wani ƙarfe da ka bari a gareji, ka zura takalmi ka fice. Ni kuma ka san bakina, in na fara da lallashi sai in ƙare da faɗa. Takarda ba ta ɗaga murya, kuma ba yadda za ka ce mata “Mama, ina zuwa.” Rubutun nawa kamar kaza ta bi ta kai, na sani, da girmana na koya. Ka daure ka karanta har ƙasa.

Ba zan yi maka maganar giya da mata da abokan banza ba. Kawunka ya yi maka, ya kuma maimaita, har ƙannenka sun haddace. Tawa guda ɗaya ce: ina so ka koma waƙa. In ka sauka a garin nan, ka nemi inda mawaƙa ke taruwa kafin ma ka nemi katifar da za ka kwanta a kai.

Kada ka yi mini wannan murmushin naka na gefen baki. Ina ganinka, Iliya. Tun rasuwar babanka wuyanka ya zurma, kana cin tuwo kamar wanda aka tilasta wa shan magani. Takardun ƙwayar ciwon kai da nake kwasowa daga aljihunka in zan yi wanki, kana tsammani ban san na mene ne ba? Kawunka ya ce kullum kana tashi da idanu jawur kamar ba ka runtsa ba. Ka sayi rediyo ka manna a kunne, wasu na waƙa, kai kuwa haƙora a datse. A nan ke nan, inda kowa ya san ɗan wane ne kai. To ina ga Fatakwal, inda ba wanda zai lura ko ka fito ko ba ka fito ba? Tsoro nake ji. Ina tsoron in aika ɗa mai sana'ar walda a hannu, da albashi mai kyau, a dawo mini da irin abin da na gani a ɗakin babanka. Shi ya sa zan faɗa maka inda ni na yi tuntuɓe, don kada ka bi ta wurin.

Mun zo Gombe shekarar da aka sami mulkin kai, a bayan motar auduga daga ƙauyenmu na wajen Kaltungo, kana goye a bayana. Babanka ya sami aikin birkila, ya fita da sassafe sai yamma. Hausata a lokacin ba ta wuce “sannu” da “nawa ne” ba. Ɗaki ɗaya muka kama a gidan haya, na ja labule na zauna a ciki. In na ji mata na dariya a tsakar gida sai in ce da ni suke. Ba a daɗe ba ƙirjina ya fara toshewa, numfashi yana fita da fito, kai yana sarawa, abinci ba ya shiga. Na ce ruwan Gombe ne bai karɓe ni ba. Babanka ya kai ni asibiti aka ce fuka ce, aka ba ni magani. Ina sha, ina komawa bayan labulena.

Ladi ce ta fitar da ni, wannan Ladin dai da kake ce wa Mama Ladi. Lokacin ɗakinta na kallon namu. Ta yi ta cewa in tashi mu je koyon waƙa a coci, ina ce mata ba ni da murya. Ran nan ta ɗaga labulen ba ko sallama, ta ce, “Wa ya tambaye ki murya, Rifkatu? Ni da kike gani, in na ja waƙa ni kaɗai awaki watsewa suke yi. Amma a cikin mutane wa ya sani?” Ta sunkuce ka daga tabarma ta yi gaba. Ya zan yi? Dole na bi ɗana, ina zaginta da yarenmu, tana ramawa da nata na Waja.

A can na fara ganin Malam Yohanna mai koya mana waƙa. Ka san shi yanzu da furfura, amma ko a lokacin haka yake, gajere, tela, da 'yar sandarsa da ba ta taɓa dukan kowa ba sai benci. Bai tambaye ni suna ba. Ya dube ni ya ce, “Ke sabuwa, da kafaɗa kike numfashi kamar wadda kare ya koro. Sa hannu a ciki. Cika shi daga ƙasa, yadda ake cika tulu.” Na sa hannu, na ja, na saki tare da mutane. Ranar ban san ko kalma ɗaya ta waƙar ba, baki kawai nake buɗewa. Amma da muka fito, a hanya na ji wata irin yunwa da rabona da ita tun ƙauye. Na cinye tuwona na taɓa na babanka. Na kwanta sai da rana ta taɓa ƙofa.

Ban ce waƙa ta warkar da fukar ba, kada ka je kana cewa uwarka ta zama boka. Har yau in damina ta yi sanyi ina jin ta, kuma maganin asibiti ban daina ba. Amma na koyi abin yi in ta taso. In zauna, in sa hannu a ciki, in ja a hankali in saki a hankali, maimakon in firgita in ƙara shaƙe kaina. Ciwon kan ya tafi ban san ranar tafiyarsa ba. Hausar nan da nake rubuta maka, a bakin waƙa na tsince ta. Kuma matan da nake cewa dariya suke yi mini, ashe jira suke in fito.

Saboda haka kada ka ce sai ka zauna da gindinka tukuna, sai ka san gari, sai an yi albashi. Abin da na ce ke nan, na kusa mutuwa a bayan labule. Kada kuma ka ce ba ka jin yarensu. Ko da wane harshe suke yi, ka shiga ka buɗe baki, kalmomin za su same ka a hanya.

Na biyu, girman kai. Da ƙirjin ya buɗe, ashe ina da murya, kuma ina da dogon numfashi. Kai, na ji kaina! Akwai wata doguwar “Amin” da muke rufe waƙa da ita, wadda ake ja har sai Malam Yohanna ya sauke hannu. Yadda ya koya mana shi ne satar numfashi. Wato ba a shaƙa tare. Ke ki saki a ɓoye ki ja iska yayin da ta kusa da ke take riƙe, in kin dawo ita kuma ta saki. Mai saurare sai ya ji murya ɗaya doguwa ba yankewa, bai san ana ta shiga ana fita a ciki ba. Ni kuwa na ce wannan aikin masu gajeren numfashi ne. Ni zan riƙe daga farko har ƙarshe, kowa ya san Maman Iliya ce.

A wani bikin aure ne na sha kunya. Coci cike, ga zafi, ga ni na ɗaure ɗankwali tamau. Malam Yohanna ya ɗaga hannu bai sauke ba, ina riƙe, ina riƙe, Ladi na zungurina da gwiwar hannu in saki, na ƙi. Sai na ga fitilu a idona. Muryar ta tsage kamar zakara mai koyon cara, na zube kan benci, ɗankwalin ya yi nasa wuri. Amarya ma sai da ta leƙo daga cikin mayafi. Abin da ya fi ba ni haushi, “Amin” ɗin ba ta yanke ba. Sun ci gaba da ja ba ni, har ƙarshe, lafiya lau.

Bayan an tashi Malam Yohanna ya kawo mini ruwa a kofi. Ya ce, “Maman Iliya, da mutum ɗaya nake so ya ja, da ban tara ku ba. In kin ƙi saki, kin hana Ladi ta san lokacin da za ta riƙe miki, ita ma kin hana ta saki.” Na sha ruwan ina harararsa. Amma daga ranar na fara sauraron numfashin Ladi, ita ma tana sauraron nawa. Har ta kai in ta shigo da damuwa, kafin ta yi magana na ji a yadda take jan iska. Cikinta na ƙarshe ni na fara sani, kafin mijinta.

Kai ma haka kake, jinina ne. Komai ka riƙe shi kai kaɗai har ka ga fitilu. In ka shiga cikinsu kada ka zauna a bakin benci kusa da ƙofa don ka sulale da an tashi. Ka shiga tsakiya, mutum a dama mutum a hagu. Ka san sunayensu, ka nuna musu ɗakinka. Ranar da ba su gan ka ba, su san inda za su buga ƙofa.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuya. Amma na ce zan rubuta, zan kuwa rubuta.

Ka tuna muryar babanka. Layin baya yake tsayawa, na masu babbar murya, in ya sauka ƙasa sai ka ji benci na kaɗawa a ƙarƙashinka. A wurin gini ma waƙa yake yi, leburori na amsawa. Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira gine-gine suka ɓarke a garin nan, kowane ɗan kasuwa na son bene. A kan ɗaya daga ciki katako ya karye da shi. Ka san sauran. An yi ɗori, ƙafar ta kama a karkace, mutumin da ke hawa sama da bulo a kafaɗa ya koma ba ya zuwa bayan gida sai da sanda da kafaɗata. Kunya ta kama shi fiye da ciwon. Ya ce mini, “Maman Iliya, kada ki bar kowa ya shigo ya gan ni haka.”

Ka kuma san al'adarmu ta mawaƙa. In ɗayanmu ya kwanta, ba a aika masa gaisuwa da baki. Ranar koyon waƙa sai a ɗauko koyon gaba ɗaya a kawo gidansa. A shimfiɗa tabarmi, a yi a nan, shi ma ya sa baki daga kwance in zai iya. Mun yi wa mutane da yawa, ni da babanka. Mun je har Tumfure a ƙafa, ta cikin gonaki, don wani tsoho da maciji ya sara.

To, suka zo mana. La'asar ce, kana makaranta a lokacin. Na ji su tun daga kan kwana, suna tafe suna rerawa ƙasa-ƙasa, Malam Yohanna a gaba. Na dubi tsakar gidan, ga wanki jiƙe, ga warin magani, ga abin da ya ce mini. Kuma gaskiyar Allah, ni ma ban so matan layinmu su ga yadda muka koma ba. Na fita na tare ƙofa. Na ce barci yake yi, likita ya ce a bar shi ya huta, mun gode, Allah ya saka. Malam Yohanna ya ce, “Ko daga nan waje ne, Maman Iliya, mu yi masa guda ɗaya?” Na ce a'a, hayaniya na tayar masa da ciwo. Suka yi addu'a a tsaye, suka juya.

Na koma ɗaki ina jin na yi abin kirki. Iliya, na tarar da babanka zaune a bakin gado. Shi kaɗai ya ja jiki ya kai ga akwati, ban san yadda ya yi ba. Ya sa farar rigarsa ta mawaƙa, ya ɓalla maɓallai har wuya, ɗaya ma a ramin da ba nasa ba. Ya jawo zane ya rufe ƙafar. Gumi na zuba masa. Ya ce, “Ina suke?”

Na ce, “Na sallame su, yadda ka ce.”

Ya daɗe yana kallon ƙofa. Sannan ya ce, “To, ya yi.” Ya cire rigar a hankali, ya ninke, ya miƙo mini.

Ba su yi nisa ba, ina jiyo su. Da na fita da gudu ba takalmi da na cim musu kafin su kai bakin titi. Ban fita ba. Na ji kunyar in ce musu ƙarya na yi. Na mayar da rigar akwati na je na ɗora tukunya. Da suka sake aikowa ko za su zo, na ce sai ya ji sauƙi. Su kuma suka girmama maganata, don ni ce matar gida.

Bai ji sauƙin ba. Ƙafar ta daina ciwo, amma mutumin ya tafi. Ya daina fitowa ko inuwar ƙofa, ya daina aski, ya daina tambayar sakamakon jarrabawarka. Barci ya ƙaurace masa, sai ya fara aika yara su sayo masa burkutu a ɓoye wai don ya samu ya runtsa. Hawan jini ya shigo. Likita ya ce zuciya ce ta kai shi, kuma ban musa wa likita ba. Ban ce da sun shigo ranar da yana nan da rai ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani, mutum ya sa riga da kansa yana jiran 'yan'uwansa, ni na tsaya a ƙofa na kore su. Na saurari abin da bakinsa ya faɗa, ban saurari mutumin ba, ni da na yi shekaru ina koyon sauraron numfashin wani.

Ka ji da kyau. Wata rana a can za ka kwanta, ko zazzaɓi, ko ɓacin rai, ko kunyar wani abu. Bakinka zai ce kada kowa ya zo. Kada ka yarda da bakin nan, irin na babanka ne. In an buga, ka buɗe, ko ɗakin na wari, ko ba ka da abin ba su sai ruwa. In kuma wani daga cikinku ne ya ɓace, aka ce muku barci yake yi, kada ku juya. Ku tsaya a waje ku yi masa guda ɗaya.

Saura naka. Wannan kai ma kana wurin, amma ba mu taɓa maganarsa ba.

Kwanaki kaɗan bayan mun binne shi, baƙi sun fara raguwa, ka fita jan ruwa a rijiya da safe. Ina kicin na ji murya. Na ɗauka babanka ne. Muryarka ta riga ta sauka ban lura ba, kuma layinsa kake ja, daidai yadda yake ja, har inda yake ɗan jinkirtawa. Ban san lokacin da na iso bakin rijiyar ba. Na ce, “A gidan nan? Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kake mana waƙa? Me mutane za su ce?” Na kai maka mari a baki. Gugan ya suɓuce ya koma rijiya. Ba ka yi kuka ba, ka dube ni kawai, ka je ka nemo ƙugiya ka ciro gugan. Daga ranar ban sake jin muryarka a waƙa ba, ko a coci leɓenka ba ya motsi. Da ka gama makaranta ka ce gidan kawunka ya fi kusa da gareji, na ce to.

Ba don mutane na mare ka ba, ƙarya na yi. Muryar ce ban iya ɗauka ba. Kai kana kukan babanka ta hanyar da ka iya, ni kuma na toshe maka ita. Ka gafarce ni, ɗana. Na yi maka laifi, na kuma daɗe ban faɗa ba.

Ni ma ai rufe bakin na yi. Na daina zuwa koyon waƙa, na ce takaba nake, takabar ta ƙare na ce ƙafa ke ciwo. Fukar ta dawo da ƙarfinta, na koma bayan labule kamar shekarar da muka zo. Ka san wadda ta tona ni? Hajiya ta bayan katangarmu, 'yar Katsinan nan mai atamfa. Ta leƙo ta ce, “Maman Iliya, shirun gidan nan ya yi yawa. Ni ba addinina ba ne, amma na saba in ji yaron nan a bakin rijiya in san gari ya waye. Yanzu ko tari ba na ji.” Na ce mata lafiya lau. Ta ce, “Uhm.” Ashe mayafi ta ɗauka ta tafi har Manawashi, inda Ladi ta koma, ta faɗa mata.

Ladi kuwa ba Malam Yohanna ba ce, ba ta san a tsaya a ƙofa a nemi izini ba. Sai ganin mata na yi sun cika tsakar gida da tulunansu na kiɗa da caki, sun shimfiɗa tabarmina da kansu. Na fito ina masifa, na ce su fita. Ladi ta ce, “Yi ta faɗa, numfashi ne, shi ma yana da amfani.” Suka fara. Na zauna a bakin ƙofa na juya musu baya. Waƙa ta farko na daure, ta biyu na daure. Da aka zo doguwar “Amin” ɗin, Ladi na dab da ni, sai na ji ta saki don ta ja iska. Iliya, ban yi shawara ba, bakina ne ya buɗe ya riƙe mata. Jiki ya saba. Daga nan kuka ya ɓalle, irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza, su kuwa ba su tsaya ba, suka ci gaba har na gama. Ranar na ci abinci. Ranar na yi barci.

Ni an zo an fitar da ni, sau biyu ma. Kai ba wanda ya zo, don ba wanda ya san abin da ya faru a bakin rijiya sai ni da kai. Ina ta cewa zan gyara, zan gyara, ga shi jirgi zai ɗauke ka. To, ba za ka bar garin nan da bakin da na rufe ba. Na rantse wa kaina.

Ga abin da na yi, kuma na riga na yi, ba shawararka nake nema ba. Na je shagon Malam Yohanna na faɗa masa komai, na ranar da na tare ƙofa da na ranar rijiya. Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce tun ranar da suka juya abin ke damunsa, ya kamata su tsaya. Na ba shi farar rigar babanka. Ya buɗe ta a kafaɗa don ka fi babanka faɗi, ya sake mata maɓallai. Na wanke, na sa bula, na goge da kaina.

Ranar Juma'a da la'asar za ka zo ɗaukar akwatinka da yajin da na daka maka. Ranar ce ranar koyon waƙa, kuma a gidan nan za a yi. Dukansu za su zo, maza da mata, har waɗanda suka tsaya tare da babanka a layin baya. Sun ce gurbinsa na nan tsakanin mutum biyu, ba su taɓa matsewa sun rufe ba. Rigar za ta kasance a kan gadonka. Ba zan ce maka ka sa ba, ba zan ko dube ka ba, in ka ga dama ka zauna a ɗaki ka ja labule. In ka fito kuma muryar ta tsage, ta tsage, uwarka ta faɗi a gaban amarya ba ta mutu ba. Akwai masu riƙe maka har ka dawo.

Abu ɗaya dai ka sani. Ko ka ce in sallame su, ba zan sallame su ba. Ƙofar nan a buɗe za ta kwana tun ranar Alhamis, zan sa dutse in tokare ta.

In ka isa can, ka sa rigar a saman kaya, ba a ƙasa ba. Ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini. Ka rufe idonka da gilashin aiki, kada ka yi wasa da wutar walda. In ka rubuto, ban damu da labarin albashi ko manyan jiragen ruwa ba. Ka rubuto mini sunan wanda ke tsayawa a damanka da na hagunka, in san waɗanda zan riƙa sawa a addu'a tare da kai.

Ubangiji ya kiyaye ka a hanya, a kan ƙarfe, da cikin baƙin mutane. Ya tsare ka daga wuta da ruwa da zaman kaɗaici. Ya ba ka barci mai daɗi da ƙirji a buɗe, ya haɗa ka da masu buga ƙofa, ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Ƙannenka na gaishe ka. Hajiya ma ta ce a gaishe ka, ta ce ranar Juma'a za ta zauna a jikin katanga, kuma ta san muryar da take jira.

Ni ma ita nake jira.

Mamarka,
Rifkatu